Yatsan Baba Mai Guga

"Sake ɗorawa, Baba. Danna sosai."

Baba Mai Guga ya goge babban yatsansa a gefen riga, ya sake ɗora shi a kan ɗan gilashin na'urar. Fitilar ta kawo ja, ta yi tsuwa kamar an taka ɓera. Yarinyar da ke bayan kantar bankin ta ja numfashi, ta goge gilashin da auduga, ta ce ya gwada na hagu. Na hagun ma ja.

"Ko dai injin naku bai karya ba ne?" in ji Baba, yana murmushi.

Ba wanda ya yi dariya. Lauya, wadda ke tsaye a bayansa rungume da jaka, ta riga ta cika ta yi fam. Ba lauya ba ce, malamar lissafi ce a makarantar sakandare. Mutanen gidan hayarsu ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta barin magana ta kwana, ko da mai gidan haya ne kuwa. Ɗakinta yana saman bene, shagon Baba yana ƙarƙashin matakala, saboda haka da ƙarar dutsen gugarsa take tashi kullum. Ita ta tasa shi a gaba zuwa banki yau, bayan ta gano cewa watanni ke nan duk abin da otal ya biya shi na gugar zannuwan gado, kafin ya taɓa an kwashe.

Yarinyar ta kamo hannun Baba ta juya shi, ta kai kusa da ido.

"Baba, ai kai ba ka da zanen yatsa. Ga shi sumul kamar bayan cokali."

Lauya ta san dalili. Tun kafin a haife ta Baba yake gwada zafin dutse da yatsa. Sai ya lashi babban yatsansa ya taɓa gindin dutsen, ya ji ya yi cuu, sannan ya ɗora wa kayan mutane. Ko da aka kawo masa dutsen lantarki mai ɗan maɓalli, cewa ya yi maɓalli yana ƙarya, yatsa ba ya yi. In na dama ya yi tsami sai ya koma na hagu. A haka wuta ta cinye zanen kaf.

Ta matso ta ajiye jakarta a kan kanta.

"'Yar'uwa, dakata. Kin ce akwai bashi a kansa, kuma da yatsa aka tabbatar. In ba shi da zane, yatsan wa kuka ɗauka?"

Yarinyar ta dubi kwamfuta, ta dubi Lauya, ta ce bari ta kira manaja.

Ofishin manajan sanyi ƙalau, har Baba ya naɗe hannuwa a ƙirji. A nan, da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori, ya ba da labari. Wani saurayi ne ya zo layinsu da babbar laima da tebur, yana buɗe wa mutane asusu yana raba hula. Aka gwada yatsan Baba ya ƙi. Saurayin yana sauri, ya ce kafin yamma akwai adadin da aka yanka masa. Sai ya ce, "Baba, ba ka da ɗa? Ya zo ya ɗora, ai jini ɗaya ne." Ɗan ya zo ya ɗora. Wayarsa kuma aka haɗa da asusun, tun da ta Baba ba ta da komai sai fitila.

Duk layin sun san ɗan. Saura Ɗaya ake ce masa, domin kullum a cacar ƙwallo wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti ya hana shi zama attajiri. Ya girmi Lauya, ga gemu, ga furfura ta fara leƙowa, amma uban bai taɓa kiransa da komai ba sai "yaron nan".

Manajan ya juyo da fuskar kwamfutar. Rance uku ne, duk ta waya, duk da yatsa. Kowanne yana shiga asusu, kafin a ƙifta ido ya wuce kamfanin cacar ƙwallo.

"Yallaɓai," in ji Lauya, "kun ga na farko ya tafi gidan caca, kuka ba da na biyu. Kun ga na biyu ya bi sahu, kuka ƙara masa na uku har da ƙari. Tsoho mai guga ne zai ci wannan bashi? Da me zai biya, da gawayi?"

"Malama, na'ura ce ke amincewa, ba mutum ba."

"Na'urar ce ke karɓar albashinka?"

Baba ya taɓa mata gwiwar hannu. "Lauya, yi a hankali. Ofishin mutane ne."

"Mai laimar fa? Ma'aikacinku ne ya ɗora yatsan wani a sunan wani."

"Ya daɗe da barin aiki." Manajan ya gyara zama, ya juya ga tsohon. "Baba, hanya a buɗe take. In ba kai ne ka ci bashin ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce. Mu cire maka shi, mu mayar maka da abin da aka yanka."

"Wanda ya ɗora yatsan kuma fa?"

"Wannan zamba ce. Sai 'yan sanda da kotu."

Baba ya dubi takalminsa. "In kuma ni ne?"

"Sai a ci gaba da yanka har a gama. Sai dai fa," manajan ya yi gyaran murya, "bashin yana da inshora. In mai bashi ya rasu, an rufe magana. Allah dai ya ba da tsawon rai."

"Ka ce in ya rasu an rufe?"

"An rufe."

Baba ya miƙe, ya daidaita hularsa. "To ni ne na ɗora."

"Baba!"

"Ni ne. Ranar yatsan yana da zane."

A hanyar komawa Lauya ta yi gaba ta bar shi, ta tsaya ta jira shi, ta sake yin gaba. A bakin mashigar layinsu ta kasa daurewa.

"Ranar yana da zane! Zanen aro ka yi? Baba, a gabana ka yi ƙarya, kai da ba ka taɓa riƙe wa mutum ko maɓallin riga ba."

"'Yar nan, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"A asibiti yankewa ake yi, in ba haka ba ya kashe mai shi."

"To ai ni ba likita ba ne." Ya tsaya yana mayar da numfashi, hannu a jikin katanga. "Mahaifiyarsa ta bar min shi yana rarrafe. A ƙarƙashin teburin nan na raine shi, cikin kwandon kaya. Ki ce ni da bakina in miƙa shi? Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Ka daɗe kana dafa shi, Baba. Ina romon?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Dariyar ta fi komai ƙona mata rai.

Daga makon nan Baba ya ƙara aiki. Bayan zannuwan otal ya karɓo kayan ma'aikatan wani asibiti, ya karɓo labulen wata makaranta. Tun da duk abin da ya bi ta banki ba ya dawowa, sai ya dogara da na hannu, wato 'yan riguna da wandunan mutanen layi, daga ciki yake cin abinci, yake sayen gawayi da sitaci, yake biyan hayar shago. Shagon kuwa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Tebur mai tsohon bargo da farin ƙyalle a kai, igiya cike da hanga, gorar fesa ruwa, benci, da duwatsu biyu, na lantarki da na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta. Ranar ɗauke wuta kuwa ta fi yawa. Lauya takan sauko da safe ta same shi yana fifita garwashi, idanu jawur, ta dawo da yamma ta same shi a inda ta bar shi, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya bar musu shata.

Ta zauna ta rubuta ƙorafin da kanta, da hujja ɗaya bayan ɗaya, kamar tana warware lissafi a allo. Ta nuna cewa laifin bankin ya fi na kowa. Ta kawo masa ta karanta masa, ta ce ba abin da ya rage sai ya yi alama a ƙasa.

"Kai, kin iya tsara magana," ya ce. "Ajiye nan, zan duba."

Washegari ta ga rabin takardar a cikin dutsen gawayi, ya kunna wuta da ita.

"Baba, takardata ce wannan?"

"Ashana ta yi sanyi, ita kuma ga ta a kusa. Takarda mai kyau ce, nan da nan ta kama."

Ta sake rubutawa. Ta biyu ya naɗe wa wani mutum kwalar riga da ita. Ta rantse ba za ta sake sa baki ba, ta yi kwana biyu tana wuce shagon da gaisuwa a taƙaice, kanta a sama. A rana ta uku ta ji tarinsa tun daga kan matakala, ta koma ɗaki ta dafo masa shayi, ta dire kofin a kan benci.

"Fushin ya ƙare ke nan?"

"Bai ƙare ba. Sha kawai."

Saura Ɗaya yakan zo ranar Asabar, da hantsi, da ƙullin kaya a hammata. Wannan Asabar ɗin Lauya tana zaune a matakala tana duba takardun jarrabawa, sai ga shi cikin farar riga mai kari kamar wuƙa, yana tafe yana latsa waya.

"Lauya manya! An tashi lafiya? Yaya ɗalibai?"

"Ɗalibai suna ci. Kai fa, saura nawa?"

"Ke dai bari. Wallahi jiya minti na ƙarshe suka zura mana. Minti na ƙarshe! Da yanzu na ɗauke tsohon nan daga ƙarƙashin benen nan." Ya ajiye ƙullin a kan tebur. "Baba, wannan shuɗiyar a sa mata sitaci da kyau, akwai wanda zan gani ranar Litinin a kan wani aiki."

Lauya ta rufe biro. "Au, har kayanka yake goge maka? A kan bashin da ka ɗora masa?"

"Maganar gida ce wannan."

"Ta bar gida tun ranar da ka ɗora yatsa a na'urar banki. Dubi ƙafar mahaifinka. Dube ta, ba waya ba!"

Ya duba. Ta ga ya duba. Ya ce a hankali, "Zan biya. Kin ɗauka ina jin daɗi ne? Ba na barci. Sau ɗaya kawai nake nema ta faɗo, sau ɗaya, in share komai."

"Da wane kuɗin za ka buga sau ɗayan?"

Baba ne ya amsa, ba tare da ya ɗago daga rigar da yake gogewa ba.

"Lauya, bar shi. Kai kuma yaron nan, ka ci abinci?"

Ta ga hannun tsohon ya shiga ƙarƙashin bargon tebur, inda yake ajiye kuɗin gawayi, ya fito a dunƙule, ya shiga aljihun farar rigar. Ta tattara takardunta ta haye sama, ta buga ƙofa har gilashin taga ya amsa.

Da tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta kai shi asibiti da kuɗinta, tana mita tun daga gida har layin ganin likita. Likitar, wata mace mai tabarau, ta danna ƙafarsa, gurbin yatsa ya zauna bai taso ba. Ta saurari ƙirjinsa ta daɗe.

"Baba, zuciyarka ta gaji. Tsayuwa da hayaƙi sun ishe ta. Ka ajiye aiki."

"To, likita."

"Ba 'to' ba. Ka ajiye."

"In sha Allahu."

Lauya ta san wannan "to" ɗin. Suna isa gida ya ɗaga ƙyallen da ya rufe zannuwan otal da shi, ya fara ware su.

Ta tsaya a ƙofar shagon, ta tokare hannu a jikin katako. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ka saurare ni. Kalma ɗaya za ka faɗa, su mayar maka da kuɗinka, ka zauna ka huta. Shi kuma ba kashe shi za a yi ba. Wataƙila ma can ne zai yi hankali. Kuma su ma bankin su ɗanɗana, su san ba a wasa da sunan mutum. In ka yi shiru, gobe wani tsohon za su yi wa."

"Gaskiyarki."

"To?"

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, 'yar nan. Ban taɓa jin kin faɗi ba daidai ba." Ya lashi yatsa ya taɓa dutsen. Cuu. "Amma ke kina ganin mutum mai gemu. Ni kuwa in na dube shi, wancan na cikin kwandon nake gani. Ki bari in tafi ban sa an ɗaure shi ba. Bayan raina, bakinki naki ne."

"Kada ka kawo min zancen bayan rai."

"To na bari. Miƙo min gorar ruwan nan."

Ta miƙa masa. Haushin kanta ya kama ta da ta ga ta miƙa.

Aka ci gaba a haka har damina ta wuce. Ta saya masa kujera mai tsawo don ya riƙa guga a zaune, ya ce a zaune ƙarfi ba ya isa kan dutse, ya mayar da ita wurin jera kayan da aka gama. Ta riƙa ƙirga masa ƙwayoyin magani, yana shan na safe yana mance na rana. Saura Ɗaya ya ɓace makonni, ya dawo ya rame, ya ce ya daina, ya yi kwana huɗu yana kai wa otal kaya a ka, a rana ta biyar kuɗin motar da aka ba shi ya tafi inda sauran suka tafi.

Ranar Talata ce, da safe, tana ɗaura agogo za ta fita makaranta, ta ji ƙauri. Ta tsaya. Ƙaurin ƙyalle ne. Tun da ta tare a gidan nan ba ta taɓa jin wannan ƙaurin daga ƙasa ba, don Baba yakan yi alfahari da cewa bai taɓa ƙona wa mutum ko hankici ba. Ta sauko da takalmi ɗaya a ƙafa.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur, hularsa a gefe. Dutsen yana kwance a kan farin zanin gado, hayaƙi yana tashi ta gefensa. Ta fizge dutsen ta kafa shi a tsaye, ta durƙusa.

"Baba! Baba, kana jina?"

Ya buɗe ido. "Na ƙona musu zani."

"Bar zancen zani! Mai shago! Mai shago, kira mota!"

"Ki ce su cire a kuɗina."

"Wane kuɗin? Kana da kuɗi ne? Yi shiru don Allah, ka yi numfashi."

Mai shagon kayan masarufi na kusa da wani makanike suka ɗauke shi zuwa mota. Lauya ta zauna a baya, kansa a cinyarta, tana kiran wayar Saura Ɗaya tana jin ana amfani da layin. A wajen wata mahadar hanya, inda motoci suka cunkushe, Baba ya motsa leɓe. Ta sunkuya.

"Shuɗiyar rigar yaron nan tana ƙarshen igiya. An gama ta."

"Na ji."

"Kada a haɗa ta da na otal."

"Na ce na ji, Baba."

Bai sake magana ba. Kafin la'asar aka kai shi makwancinsa.

Mutanen layi suka cika ƙofar gidan. Sai a lokacin Lauya ta san yawan waɗanda ya goge wa kayan neman aiki kyauta, da waɗanda ya mayar wa kuɗin da suka mance a aljihu. Saura Ɗaya ya yi kuka har muryarsa ta dishe, yana buga kai a katanga, maza suna riƙe shi. Kukan gaske ne, ta sani. Ta kuma ga hasken waya a cikin hannun rigarsa bayan an lafa, yana leƙawa. Ta kawar da kai.

Bayan mako guda manajan ya zo, shi da wani ma'aikacin inshora mai riƙe da jaka. Suka yi gaisuwa a tsaye, don ba wurin zama sai benci. Saura Ɗaya yana can gefe a tsugune, bai ɗago ba. Mai inshorar ya ce aikin kaɗan ne. Takardar asibiti ta samu. Abin da ya rage shi ne wani wanda ba dangi ba, wanda ya san marigayin, ya shaida cewa shi ne ya ci bashin da kansa. Daga nan an rufe.

"Malama tana wurin ranar da ya faɗa," in ji manajan. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Lauya ta ji jini ya hau mata ka. Ga shi nan, abin da ta yi watanni tana nema. Ga manajan a gabanta, ga baƙo da zai ji komai, ga ƙorafi na uku da ta rubuta a ɓoye a jakarta, wanda ba a kunna wuta da shi ba. Bakinta nata ne, shi da kansa ya faɗa. In ta buɗe shi, mai laima zai fito, na'ura za ta fito, rance na biyu da na uku za su fito. Kuma kafin rana ta faɗi za a zo a tafi da wancan da ke tsugune.

Sai ta tuna ofishin mai sanyi. *Ka ce in ya rasu an rufe?* Sai da ya sa aka maimaita masa. Tun ranar ya gama lissafinsa, a gabanta, ita malamar lissafi, tana ta faɗa ba ta ji ba. Ya san inda bashin zai ƙare, ya kuma san wadda za a tambaya.

"Tsohon nan," ta ce a ranta, "har bayan ranka sai ka sa ni."

"Malama?" in ji mai inshorar. "Shi ne ya ci bashin?"

"Ya ce shi ne. A gabana ya faɗa, a gaban wannan."

"To sa hannu a nan."

Ta karɓi biron ta sa hannu, ta danna har takardar ta kusa hujewa. Ta miƙa, sannan ta juya ga manajan.

"Yallaɓai, an rufe ko?"

"An rufe, Malama. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ka ji daɗi. Amma ka sani, a layin nan ba mai laimar da zai sake kafa tebur ina raye. Kuma duk tsohon da zai je bankinku daga nan, da ni zai je. Za ka gaji da ganina."

Manajan ya juya, ya bi bayan mai jaka.

Da yamma ta buɗe shagon don masu kaya su karɓi nasu. Ba rubutu a jikin komai, Baba a ka yake riƙewa, don haka kowa ya shigo ya nuna nasa. Otal suka aiko aka kwashe zannuwa, har da mai ƙunar, wanda tsakiyarsa ta fita da siffar dutse. Igiya ta yi ta raguwa har ya rage hanga ɗaya a can ƙarshe.

Saura Ɗaya yana tsaye a ƙofa, bai shigo ba.

"Lauya, na gode."

"Kada ka gode min. Ba don kai na yi ba." Ta sauko da shuɗiyar rigar ta miƙa masa. "Ungo. Ya ce an gama ta."

Ya karɓa da hannu biyu. Sitacin ya kama, kwalar a tsaye, karin hannun ya miƙe tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Ya daɗe yana kallonta. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ta sake yi. Hannunsa ɗaya ya saki hangar ya nufi aljihun, ya tsaya a hanya, ya dawo.

"Wa zai riƙa..." ya fara, bai ƙarasa ba.

"Ka koya," in ji ta.

Ya juya ya tafi, ya ɗaga rigar sama don kada ta taɓa ƙasa. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana, ba ta ga ko ya ciro wayar ba.

Ta koma ciki. Ta ninke farin ƙyallen tebur, ta zubar da ruwan gora a bakin ƙofa, ta tara hangogi wuri ɗaya. Kofin shayinta yana ƙarƙashin benci, an wanke an kife. Dutsen gawayin yana nan a tsaye inda ta kafa shi ranar Talata, da toka a cikinsa. Ta sa hannu za ta ɗauka, sai ta tsaya. Ta lashi babban yatsanta, ta taɓa gindinsa.

Bai yi ƙara ba.